Wa Ke Riƙe da Makullin?

 

Duk wanda ya yi zaman Jimeta a farkon shekarar 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har ya zama mutum yana da dukiya a asusu amma ba shi da abin sayen kunun safe, to, ba sai an tuna masa yadda layuka suka riƙa miƙewa a ƙofofin bankuna tun kafin a sallame sallar asuba ba. Ni da kaina na tsaya wata ranar a rumfar wani mai shinkafa a babbar kasuwa, an auna mini, an ɗaure bakin buhu, na tura kuɗi ta waya, kuɗin kuwa sun fita daga wajena, amma mai shinkafa ya yi ta duban wayarsa yana girgiza kai, yana cewa, "Alhaji, bai shigo ba fa." Muka zauna a kan benci guda muna kallon juna, ba mai zargin wani, ba kuma mai iya tafiya, har wani yaro da ke gefe ya yanke mana hukunci da kalma ɗaya, ya ce, "Netwok ne."

Wannan kalma ta netwok ta zame mana kwandon da muke zuba kowace irin cuta ta na'ura, kamar yadda mutanen dā suka riƙa kiran kowane ciwon da ya gagari fahimtarsu da sunan iska. Gaskiya ne sau da yawa hanyar sadarwa ce ke yankewa, sau da yawa kuma yawan jama'a ne ke fin ƙarfin na'ura. Amma daga cikin illolin da ke tsayar da lissafi a manyan ma'aikatu akwai wata wadda ba ruwanta da waya ko dogon ƙarfen sabis, wadda takan auku alhali wuta tana nan, na'ura lafiyarta ƙalau, ba abin da ya ƙone, ba abin da ya karye, sai dai kawai kowa ya tsaya yana jiran wani. Ita ce mas'alarmu ta yau, na kuma raɗa mata suna rububin makulli.

Na'urar da za mu yi bahasi a kanta ita ce wadda masana ke kira menfirem, mu kuwa bari mu kira ta uwar kwamfuta. A ranar 7 ga Afrilu, 1964, kamfanin IBM na Amurka ya bayyana wa duniya jerin na'urorinsa da ya kira System/360, daga wannan gida ne kuma zuriyar ta yi ta yaɗuwa har yau, babbar manhajar da ke gudanar da ita tana sauya suna daga OS/360 zuwa MVS a shekarar 1974, har ta zama z/OS a farkon ƙarnin nan. Ba za ka ga irinta a shagon sayar da waya na Jimeta ba, domin a killace take a cikin ɗakuna masu sanyi na manyan bankunan duniya da kamfanonin inshora da na jiragen sama da na katin kuɗi. Amma alhajin Yola da ya miƙa katinsa a wani kanti a Makka, ko ɗan kasuwar da ya biya kuɗin kaya a Dubai, da wuya a ce lissafinsa bai ratsa ta cikin ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne tana ɗaukar dubban ayyuka a lokaci guda, dukkansu suna ɗiba daga rumbun bayanai ɗaya, a nan kuwa gizo ke saƙar.

Mu ƙaddara wani dattijo a Jambutu yana da Naira dubu 50 a asusunsa. Ɗansa da ke Legas ya turo masa dubu 20, a daidai wannan ƙiftawar ido kuwa shi dattijon yana gaban mai POS yana cire dubu 10. Aiki biyu ke nan suka taso wa shafi ɗaya. Na farko ya duba ya ga 50, ya ƙara 20, ya rubuta 70. Na biyu shi ma ya duba tun kafin na farko ya rubuta, ya ga 50, ya ɗebe 10, ya rubuta 40 a kan abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Haƙiƙanin lissafi 60 ne, amma littafi ya nuna 40, dubu 20 sun salwanta ba tare da ɓarawo ya shiga ba. Saboda tsoron irin wannan ɓarna ne aka wajabta cewa duk aikin da zai taɓa fayil sai ya nemi izini, an ba shi makulli, in ya gama ya mayar. Makulli ke nan rahama ne, shi ke tsare amanar mutane, jiran da yake haifarwa kuwa kuɗin wannan amana ne; abin da muke nema shi ne mu gane lokacin da jira ya wuce haddi ya zama cuta.

Mutanen Yola ba baƙin wannan nizami ba ne, ko da ba su taɓa ganin kwamfuta ba. Garin da Modibbo Adama ya kafa a shekarar 1841 gari ne na zaurukan karatu, a zamanin da littafi rubutun hannu ne, sau da yawa kwafi ɗaya tak ke hannun malami. Almajirai goma suna iya kewaye wannan kwafi su yi ta bitar matani tare, ba wanda ya tauye wani, domin ido ba ya rage rubutu. Amma ranar da malam ya ga kuskuren mai kwafi ya ɗauki alƙalami zai gyara, ko zai ƙara hashiya a gefen shafi, wajibi ne kowa ya janye hannunsa har tawada ta bushe, don kada wani ya haddace rabin gyara. Haka makullan uwar kwamfuta suke, iri biyu: na tarayya ga masu karantawa, na keɓewa ga mai rubutawa. Wanda ya tsara aiki shi ke bayyana irin da yake so a cikin takardar umarninsa. In ya rubuta SHR ya nemi tarayya, in ya rubuta OLD ya nemi a keɓe masa shi kaɗai.

A cikin babbar manhajar akwai wani magatakarda da ake kira GRS, wanda ba ya karanta fayil, ba ya rubuta shi, aikinsa kawai riƙe rajistar wa ya karɓi makullin me, wa kuma ke jira. Roƙon makulli sunansa ENQ, mayar da shi kuma DEQ. Kowane makulli yana da suna biyu, babba da ƙarami, tamkar sunan unguwa da sunan gida: babban ba ya wuce harafi 8, na fayiloli kuwa shi ne SYSDSN, ƙaramin kuma shi ne sunan fayil ɗin kansa, wanda ba ya wuce harafi 44. Magatakardan nan da suna yake aiki, bai san inda fayil yake zaune ba, har ma akan sami fayiloli biyu masu suna ɗaya a faifai daban-daban su tare wa juna hanya alhali ba abin da ya haɗa su sai takwaranci.

Yanzu ku kasa kunne da kyau, domin a nan ne masu koyo suka fi ruɗewa. Magatakarda mai adalci ne, adalcinsa kuwa shi ne wanda ya riga zuwa shi ke riga samu. Mu koma zaure: almajiri guda yana karanta littafi, sai malam ya zo da alƙalami zai yi gyara, ya tarar ana karatu, ya tsaya yana jira. Bayansa sai almajirai ashirin suka iso, su ma karatu kawai suke so, wanda a bisa ƙa'ida ba abin da zai hana su zama kusa da ɗan'uwansu su karanta tare. Amma da yake malam ya riga su shiga layi, ba a yarda su tsallake shi ba, domin in da za a yarda, da masu karatu sun yi ta shiga suna fita har abada, mai gyara bai taɓa samun littafin ba. Sakamakon haka, mutum ashirin da ɗaya sun tsaya cirko-cirko saboda almajiri ɗaya da bai rufe shafi ba. Wanda ya leƙo daga waje zai ga malam ne a gaban layi ya tare ƙofa, ya ɗora masa laifi, alhali shi ma majiranci ne kamar kowa. An bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ke ƙara tsawon jira, wadda da yawa daga masu tsara ayyuka suke mantawa da ita. Aikin dare yakan kasu mataki-mataki, wani har goma ko fiye, manhaja kuwa tana karɓar makullan dukkan fayilolin da aka ambata tun kafin mataki na farko ya fara, ta kuma karɓe su a bisa mafi tsananin abin da aka nema. Idan mataki na goma ne kaɗai zai yi rubutu na minti biyu, to, fayil ɗin ya keɓu tun daga mataki na ɗaya, ko da matakan farko za su ci sa'a uku suna karatu kawai.

To, yaya ake gane wannan ciwo? Likitan kirki yakan bambanta alama da illa, alamar rububin makulli kuwa baƙuwa ce, domin ta saɓa wa abin da hankali ke zato. Idan nauyi ne ya yi wa na'ura yawa, za ka ga ƙwaƙwalwarta tana aiki ba ƙaƙƙautawa, faifai suna ta juyawa, komai yana tafiya amma da ja da ciki, kamar kasuwar Jimeta ana jajibirin salla. Idan kuwa makulli ne, za ka ga na'ura tana hutawa, ma'aunin aikinta ya faɗi ƙasa, ga ayyuka jibge ba mai motsi, kamar kasuwar da kowa ya buɗe rumfa ya zauna amma an rasa mai canji. Shugaban da bai san wannan bambanci ba yakan ce a sayo na'ura mafi ƙarfi, a kashe dukiya mai yawa, a wayi gari sabuwar na'ura tana jira da sauri fiye da tsohuwar.

Bari in ba ku labarin daren da na koyi wannan darasi, a wata ma'aikata mai nisa da nan wadda ba zan ambaci sunanta ba, ina saurayi sabon shiga aikin dare. Ƙarshen wata ne, ana lissafin albashi, wajen ƙarfe ɗaya sai allon ya cika da saƙonni masu lamba IEF099I, ma'anarsu aiki kaza yana jiran fayil, kowanne kuma da abokinsa mai lamba IEF863I da ke faɗin sunan fayil ɗin. Waya ta fara ƙara. Na duba na ga wani aikin sabunta babban fayil na ma'aikata shi ne a gaban kowa, ya nemi keɓewa, ya fi minti arba'in bai motsa ba, sai na ɗora yatsu zan soke shi. Akwai wani dattijo da muke kwana tare, mutumin ƙasar nan tamu, muna kiransa Baffa, yana zaune da kofin shayinsa, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, ɗauke hannunka tukuna. Ka tambayi na'ura wa ke riƙe, ko kuwa wanda ya fi kuka za ka yanka?" Na ce, "Baffa, ai shi ne a gaba." Ya ce, "A gaban layi yake, ba a cikin ɗaki ba."

Ya matso ya buga umarni gajere: harafin D, sannan GRS, waƙafi, sannan harafin C. Nan take magatakarda ya baje rajistarsa, sunan fayil a sama, a ƙarƙashinsa jerin ayyuka, a gaban kowanne an rubuta irin makullin da ya nema da kuma halinsa, ko mai riƙe ne ko mai jira. Aikin da na so in soke mai jira ne. Mai riƙewa wani ƙaramin aiki ne da ba wanda ya kula da shi, mai ɗaukar kwafin ko-ta-kwana, wanda ya karɓi makullin tarayya tun ƙarfe goma sha biyu. Na ce to a soke wannan. Baffa ya ce, "Shi kuma me ya tsayar da shi?" Ya sake buga wani umarnin, D, sannan R, waƙafi, L, wanda ke nuna buƙatun da na'ura ta miƙa wa ɗan'adam ba a biya mata ba, sai ga shi aikin yana roƙon a ɗora masa sabon naɗin tef, domin na farko ya cika, saƙon roƙon kuwa ya daɗe da gangarawa ya ɓace a cikin tarin saƙonni. Na tashi da kunya na je ɗakin tef na ɗora. Kafin shayin Baffa ya huce, mai kwafi ya gama ya saki, mai sabuntawa ya shiga ya fita, sauran suka bi kamar an buɗe wa tumaki garke.

Abin da Baffa ya yi a daren nan, in kun lura, shi ne abin da malaman hadisi suke yi da isnadi: ba sa tsayawa a kan wanda ya faɗa musu, sai sun bi silsila, wane daga wane, har su kai ga tushe. Mai binciken makulli shi ma silsila yake bi, wannan yana jiran wancan, wancan yana jiran wancananka, har ya iske wanda yake riƙe da abu amma shi ba ya jiran makullin kowa. A manhajar zamanin yau an sauƙaƙa wannan, an ƙara wa umarnin GRS wani reshe mai suna ANALYZE da ke bin silsilar da kansa ya fito da wanda ke can ƙarshenta, da tsawon lokacin da ya yi yana tare hanya.  Amma na'ura sunan mai riƙewa kaɗai za ta ba ka. Dalilin riƙewar, wannan bincikenka ne.

Dalilan kuwa ba su da yawa. Wani mai riƙewar aiki yake yi da gaske, yana ci gaba, fayil ɗin ne mai girma, maganinsa haƙuri. Wani yana jiran hannun mutum, kamar mai tef ɗina. Wani ma mutum ne da kansa, ma'aikacin da ya buɗe fayil a allonsa zai yi ɗan gyara, aka kira shi cin abinci, ya tashi ya bar shi a buɗe. Duk wanda ya taɓa bin takardarsa a ofis aka ce masa fayil ɗinka yana cikin durowar oga, oga kuwa ya yi tafiya da makulli, ya san ɗacin wannan ba sai an yi masa sharhi ba. Na huɗun ya fi su ban mamaki: mai riƙewa yana so ya gama ya saki, amma darajarsa a wurin manhaja ƙarama ce, ayyuka masu matsakaiciyar daraja suna ta shan gabansa wajen samun ƙwaƙwalwar na'ura, shi kuwa babban aiki mai daraja yana can yana jiran makullin da ke hannun ƙaramin. Talaka ya riƙe makullin fada, fadawa sun hana shi wucewa ya kai, sarki yana tsaye a waje. Irin wannan ce ta sami kumbon Pathfinder da Amurka ta saukar a duniyar Mars a watan Yulin 1997, kwamfutarsa ta yi ta kashe kanta tana tashi, sai da injiniyoyi suka gano illar suka aika gyara daga nan duniya. Maganin shi ne a ara wa mai riƙewa daraja na ɗan lokaci har ya saki, manhajar uwar kwamfuta kuwa tana da wannan dabara a cikinta.

Sai mafi munin al'amari, wato ka bi silsila, ka bi, ka bi, sai ka ga ka dawo inda ka fara. Almajiri ɗaya ya riƙe alƙalami yana jiran tawada, ɗayan ya riƙe tawada yana jiran alƙalami, kowanne ya rantse ba zai saki nasa ba sai ya sami na ɗan'uwansa. Wannan shi ne kiki-kaka, haƙuri ba ya warware shi ko za a shekara. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, yana cikin waɗanda suka fara tsananta nazari a kansa, a shekarar 1965 kuma ya kawo wa ɗalibansa wata mas'ala da daga baya ta shahara da misalin masana biyar a kan teburin cin abinci, kowanne yana riƙe da cokali ɗaya yana jiran na maƙwabcinsa. A 1971 Edward Coffman da abokan aikinsa suka tabbatar da cewa kiki-kaka ba ya aukuwa sai sharuɗɗa huɗu sun haɗu: abin ya zama ba ya tarayya, mai riƙe da wani ya nemi ƙari bai saki na hannunsa ba, ba mai ikon ƙwacewa, jiran kuma ya zagayo ya zama da'ira. Rushe sharaɗi ɗaya ya isa. Shi ya sa manhaja ke karɓar makullan aiki gaba ɗaya tun farko, ko duka ko babu, ƙa'idar nan da na yi ƙorafi a kanta ɗazu. Shi ya sa kuma ake horon masu rubuta manhaja su riƙa neman makullai a bisa tartibi ɗaya, kowa alƙalami tukuna sannan tawada. Rumbun bayanai irin Db2 yana da nasa alƙalin, wanda in ya ga da'ira yakan zaɓi aiki ɗaya ya warware abin da ya yi, ya sallame shi da lamba 911 mai alamar ɗebewa a gabanta, don saura su wuce. GRS kuwa magatakarda ne, zai nuna maka da'irar, amma yanke hukunci naka ne.

Akwai wata tsohuwar hanya da ta cancanci a ambace ta a taƙaice, mai suna RESERVE, wadda ake amfani da ita idan na'urori da dama suna tarayya a faifai ɗaya: maimakon a kulle fayil guda, sai na'ura ɗaya ta kulle faifan ɗungurungum ga sauran, tamkar wanda zai ɗebi mudu ɗaya ya garƙame rumbun gari. Idan ka ga ayyukan da ba su haɗa fayil ko ɗaya ba sun tsaya tare, duba ko faifai ɗaya suke zaune. Masu kula da tsari sukan rubuta ƙa'idar da ke mayar da irin wannan babban kulle ya koma ƙarami.

Yanzu ga abin da na fi so matasanmu su riƙe, domin ya saɓa wa tarbiyyar da wayar hannu ta yi mana. Mun saba in waya ta daskare mu kashe mu kunna. A ɗakin uwar kwamfuta wannan ɗabi'a ta'adi ce, saboda dalili biyu. Aikin da aka soke yana tsakiyar rubutu yana iya barin fayil rabi sabo rabi tsoho, a kwana ana ɗinki; akwai ma wani umarni mai tsanani da ake kira FORCE, wanda masana ba sa kusantarsa sai lalura ta kai maƙura. Dalili na biyu, rajistar magatakarda a ƙwaƙwalwa take, da zarar an saki makulli ko an tayar da na'ura, shaidar ta gushe, gobe kuma ciwon ya dawo ba wanda ya san mafarinsa. Alƙalin da ya san aikinsa ba ya tashin zama bai rubuta bayanin shaidu ba. Saboda haka kafin a taɓa komai a adana abin da allo ya nuna, da sa'a da minti, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar aikin da ake tuhuma, sannan a nemi mai aikin a tambaye shi ko sokewa za ta yi ɓarna. Da gari ya waye a koma ga kundin da na'ura ke tarawa, wanda ake kira SMF, inda rubutu mai lamba 77 ke ƙunshe da tarihin rububin makullai, a duba ko fayil ɗaya ne ke maimaita kansa a sa'a ɗaya kowane dare.

In an sami haka, a ganina, sau da yawa ba na'ura ce ke da laifi ba, tsarin mutane ne. Wani ya rubuta OLD a inda SHR ta isa, don ya kwafo daga takardar wanda ya gabace shi bai tambayi dalili ba. Wani ya jera aikin kwafi da aikin sabuntawa a sa'a ɗaya. Wani ya rubuta manhajar da ke riƙe dubban layuka ba ta tabbatar da abin da ta yi ta saki ba sai a ƙarshe. Jim Gray, wanda ya yi aiki a IBM a shekarun 1970, aka kuma ba shi lambar girma ta Turing a 1998, ya yi bayani mai zurfi a kan girman abin da ya kamata a kulle: in ka kulle littafi duka ka huta da ƙidayar makullai amma ka tsayar da jama'a, in ka kulle layi-layi jama'a sun wuce amma magatakarda ya sha wahala, hikima tana wajen auna tsakani. Sai dai ina gargaɗi, kada wani ya ji wannan ya je ya mayar da kowace OLD ta koma SHR don layi ya gushe. Wanda ya yi rubutu da makullin tarayya ya komar da mu ga dattijon Jambutu da dubu ashirin ɗinsa da suka salwanta, jira kuwa ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Lokaci ya ja, ga mai kula da wannan shiri namu na rediyo yana ɗaga mini hannu ta bayan gilashi. Kira na ga ɗalibanmu na Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, da na Jami'ar Amurka ta Nijeriya a nan Yola, da na kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha: rashin uwar kwamfuta a garinmu ba uzuri ba ne a yau. Akwai manhaja kyauta mai suna Hercules da ke kwaikwayon wannan na'ura a kan kwamfutar cinya, ana kuma ɗora mata tsohuwar MVS 3.8j wadda ita ma kyauta ce. IBM kuma yana da dandalin koyo ta intanet mai suna Z Xplore da ba a biyan ko kwabo. Ku rubuta ƙananan ayyuka biyu, kowanne ya nemi fayil ɗaya da OLD, ku sa na farko ya daɗe, ku tura su a jere, ku zauna ku ga na biyu yana jira da idonku. Sannan ku sauya su zuwa SHR ku ga bambanci. Wanda ya gwada ya rubuto mana abin da ya gani, za mu karanta a fili.